Kurakuran da ake yi wajen fassara kalmar "boycott"

Kalmar "boycott" tana yawan fitowa a labaran da ake fassarawa daga Turanci, kuma yana damuna ƙwarai in ga an mayar da ita yajin aiki ko takunkumi, alhali Hausa tana da kalmar da ta dace da ita sarai, wato ƙauracewa.

Wanda ya san asalinta ba zai yi wannan kuskure ba. Sunan mutum ne, Kyaftin Charles Boycott, Baturen Ingila da ke karɓar wa wani mai gonaki, Lord Erne, kuɗin haya a gundumar Mayo ta ƙasar Ayilan. A shekarar 1880 amfanin gona bai yi kyau ba, manoma suka nemi ragi, ba a ba su yadda suka nema ba, aka kuma tashi korar wasunsu. Sai jama'a suka juya wa Boycott baya: masu yi masa aiki suka watse, masu kanti suka ƙi sayar masa da kaya, har mai kai wasiƙa ya daina taka ƙofar gidansa. Sai da aka kawo mutum 50 daga arewacin ƙasar, sojoji na gadinsu, kafin aka girbe gonar. Masu ɗauka cewa shi ne jagoran wannan gwagwarmaya sun juya labarin, domin shi aka ƙaurace wa.

Yajin aiki tsakanin ma'aikaci ne da wanda ya ɗauke shi aiki, ita kuwa ƙauracewa ta fi haka faɗi. Baƙaƙen fatar birnin Montgomery na Amurka da suka daina shiga motocin bas daga Disambar 1955, bayan an kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi daga kujerarta a bas don farar fata ya zauna, fasinjoji ne, kuma sun yi kwana 381 da yawansu suna takawa da ƙafa zuwa wurin aiki. Kiran wannan yajin aiki ɓata tarihi ne. Takunkumi kuma hukuma ce ke ƙaƙaba shi da ƙarfin doka a kan wani. Da Najeriya da wasu ƙasashen Afirka suka fice daga wasannin Olamfik na Montreal a 1976, janye jikinsu suka yi, saboda haka ƙauracewa ce.

Akwai kuma kuskuren rubutu da nake gani kusan kullum. Idan abin da aka guje wa ya biyo baya, a raba kalmomin, a rubuta "sun ƙaurace wa zaɓe". Idan suna ake nufi, sai a haɗe, kamar a "ƙauracewar ta yi tasiri".