Yadda Ɗalibi Zai Bi Ƙa'idojin Jami'a Kan Ƙirƙirarriyar Basira

Tun da aka fitar da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi da yin rubutu, a watan Nuwamban 2022, jami'o'i ke ta sake fasalin dokokinsu, kuma har yanzu bakinsu bai zo ɗaya ba. Saboda haka, matakin farko shi ne ɗalibi ya karanta dokar jami'arsa, sannan ya duba umarnin kowane kwas daban, domin abin da wani malami ya halatta, wani yana iya ɗaukarsa satar amsa. Idan umarnin bai fito fili ba, a tambayi malamin a rubuce, a kuma adana amsarsa.

A ɗakin jarrabawa maganar gajeriya ce: duk manhajar da ba a ba da izininta ba, a bar ta.

Aikin gida ne ke buƙatar natsuwa. Inda aka yarda a nemi taimakon manhaja wajen tsara tunani ko gyara nahawu, sai ɗalibi ya bayyana sunanta da abin da ta yi masa, kuma ya tantance kowane littafin da ta ambata, domin takan ƙirƙiro madogarar da babu ita sam. A ganina, ajiye daftarin farko da bayanan karatu ya fi komai amfani, saboda manhajojin gano rubutun na'ura suna yin kuskure, har ma kamfanin OpenAI, wanda ya ƙirƙiro ChatGPT, ya janye tasa a watan Yulin 2023. Idan aka zargi ɗalibi bisa kuskure, waɗannan takardu zai gabatar wa kwamitin ladabtarwa.