Shekarar da ke jikin kwalba: kurakuran masu ɗanɗana jar giyar inabi

Lambar da ake bugawa a jikin kwalba, 2010 ko 1996, shekarar da aka tsinke inabin ce. Labarin ruwan sama da rana da sanyin wannan shekara take bayarwa, ba makin jarrabawa ba. Daga rashin gane wannan yawancin kurakurai suke tasowa.

Wanda ya fi yawa shi ne a ji an yabi shekara sai a shafa wa kowace gona yabon. A Bordeaux ta Faransa ma kaɗai abin ba haka yake ba. Gonakin Médoc sun fi dogara ga inabin Cabernet Sauvignon, wanda yake jinkirin nuna, su kuwa Pomerol da Saint-Émilion na ƙetaren kogi Merlot suka fi shukawa, mai nuna da wuri. Shi ya sa 1996 ta fi yi wa Médoc kyau, 1998 kuma ta fi yi wa na ƙetare. Yanki ɗaya, rabo daban. Kafin ka yanke hukunci, tambayi wace gona ce, wane inabi, kuma yaushe ruwa ya sauka a kakar. Shekara mai wahala kamar 2013 ma akan sami manomin da ya zauna ya tsince 'ya'yan da kyau ya fitar da abin kirki.

Sai masu cewa tsohuwa ce mai daraja. Ba kowace giya aka yi don ajiya ba, mafi yawansu a 'yan shekarun farko suke kan ganiyarsu. Karkata kofin a kan farar takarda: sabuwa ja ce mai duhu da shuɗi-shuɗi a gefe, mai shekaru kuwa gefenta ya koma launin jan bulo. Idan ta koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya mutu, to ta wuce.

Ga kuma sha'anin bauri. Wanda ya saba da goro ya san yadda yake kama harshe da dasashi. Haka sabuwar giyar Médoc take yi, kuma da yawa sukan ture ta saboda wannan. Baurin daga ɓawo da ƙwayar inabi yake, shi ne ma yake riƙe giyar ta daɗe, kuma yana laushi da shekaru. Abin dubawa shi ne ko akwai ɗanɗanon 'ya'yan itace da tsami da za su raka shi.

Zafi ma yana ɓata hukunci. Digiri 16 zuwa 18 na ma'aunin Celsius ake so giyar ta kasance. A ɗaki mai zafi warin barasa ne zai danne komai.

Tsohuwar kwalba a tsayar da ita kwana guda lakar da ta taru a cikin giyar ta kwanta, a tsiyaye a hankali, kada a bar ta a buɗe sa'o'i, don ƙamshinta ba ya jure iska kamar na sabuwa. In ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar kwalbar ce ta lalata ta, ba laifin shekarar ba. Buɗe wata.

Ni dai abin da na fi ganin yana yaudarar mutane shi ne suna. A birnin Paris a 1976 an yi gasar ɗanɗano, aka ɓoye sunayen kwalabe aka bai wa alƙalai Faransawa, sai ga giyar Stag's Leap ta Kalifoniya a Amurka, girbin 1973, ta zo ta ɗaya a gaban manyan giyar Bordeaux. Rufe takardar kwalbar, zuba duka a kofuna iri ɗaya, rubuta abin da ka ji kafin na kusa da kai ya buɗe baki. Ƙwararru tofarwa suke yi bayan kowace kurɓa, domin wanda ya haɗiye shida ba zai iya bambance ta bakwai da ta takwas ba.