Darasi na Bakwai: Yadda Ambaliyar Gwaji Ke Canza Ruwan Tafki

Madatsar ruwa ba ruwa kaɗai take tarewa ba, har da yashi da laka da kogi ke ɗaukowa, shi ya sa gaɓar kogin da ke gaban madatsa takan rasa yashin da ambaliyar shekara-shekara ke sauke mata a da. Domin gyara wannan ne masana kan buɗe madatsa da gangan na wasu kwanaki, su saki ruwa mai yawa, sannan su auna abin da ya biyo baya. Wannan darasi ya shafi ruwan da ya rage cikin tafkin, wanda galibi ake mantawa da shi saboda idon kowa yana kan kogin da ya cika ya batse.

Ruwan tafki mai zurfi ba iri ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. Na sama rana tana ɗumama shi, iska tana kaɗa shi, saboda haka yana da isasshiyar iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Na ƙasa kuwa ya fi sanyi da nauyi, musamman idan gishiri ya yi yawa a cikinsa, kuma yana iya zama wata da watanni bai gauraya da na sama ba. Ganyaye da matattun ƙananan halittu suna nutsewa can su ruɓe, ruɓewar tana cinye oksijin, kuma idan ta ƙare sai laka ta fara sakin sinadarai irin su ƙarfe da fosfaras, wani lokaci har da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Kuna iya ganin wannan da idonku. Ku narkar da gishiri cokali 2 a rabin kofin gilashi na ruwan sanyi, ku sa masa ɗan launi, sannan ku tsiyaya ruwan ɗumi a hankali ta bayan cokali. Za ku ga ruwan mai launi ya kwanta a ƙasa, da iyaka a fili tsakaninsa da na sama. Idan kuka zura tsinken shan lemo har gindin kofin kuka zuƙo, mai gishirin ne zai fito, na sama kuma ya sauko ya maye gurbinsa.

Haka ya faru a madatsar Glen Canyon da ke kan Kogin Kolorado a jihar Arizona ta Amurka, wadda ta fara tara ruwan tafkin Powell a 1963. A ƙarshen watan Maris na 1996 aka saki ruwa kimanin mita kubik 1,270 a kowane sakan har kwana 7, da nufin sake gina tsibiran yashi a kwarin Grand Canyon. Hanyoyin da ke kai ruwa ga injinan wutar lantarki ba za su iya ɗaukar wannan yawa ba, don haka aka buɗe wasu manyan bututai da bakinsu ke ƙasa da na injinan da kusan mita 30. Tafkin bai ragu da abin da ya wuce kimanin mita 1 ba, amma waɗannan bututai sun janyo tsohon ruwan ƙasa mai gishiri da ƙarancin oksijin, yawansa ya ragu, sabon ruwa ya samu hanyar sauka. A ganina nan ne muhimmin abin koyo yake: zurfin ƙofar da aka buɗe shi ke zaɓen ruwan da zai fita, ba yawan ruwan kawai ba. An sake irin wannan gwaji a 2004 da 2008, da wasu shekaru bayan 2012.

Amfanin ba mai ɗorewa ba ne, domin kogi yana ci gaba da kawo gishiri, ruɓewa kuma ba ta tsayawa. Akwai kuma haɗari. Idan tafki ya ja baya da sauri, lakar da ta taru a inda kogi ke shigowa takan bayyana, ruwa ya zaizaye ta ya tura ta ciki, sai tafkin ya gurɓace kuma oksijin ta ƙara raguwa. Ruwan ƙasa da aka saki yana iya yi wa kifin kogi sanyi da yawa, ko da yake feshin da yake yi a bakin bututu yana ƙara masa iska.

Saboda haka masu awo ba sa wadatuwa da ɗibar ruwan saman tafki. Suna shiga jirgin ruwa, su saukar da na'ura da igiya mita bayan mita, suna rubuta zafi da gishiri da oksijin da duhun ruwa a kowane zurfi, kafin sakin ruwa da lokacinsa da bayansa. Idan aka kira ku taro kan shirin sakin ruwa daga wata madatsa, ku tambayi zurfin ƙofar da za a buɗe, da lokacin shekarar da aka zaɓa, ku kuma nemi a nuna muku sakamakon awon ruwan ƙasan tafki kafin a buɗe.