Yadda za ka haɗa adaftar wayar intanet da Wi-Fi na otal a Makka ko Madina

Wasu masu jigilar alhazai da 'yan umara sukan taho Saudiyya da ɗan akwatin nan da ake kira ATA, mai haɗa wayar tebur da intanet, irin su Grandstream HT801 ko Cisco SPA112, don lambar ofishinsu ta ci gaba da shigowa a wayar tebur ko suna ɗakin otal a Misfala ko Aziziyya. A gida da zarar an soka masa kebul ya kama aiki. A otal kuwa sai ka ɗaga waya ka ji shiru.

Akwatin lafiyarsa ƙalau. Intanet ɗin otal ne ba ya buɗewa sai an cike wani shafi a burauza, an rubuta lambar ɗaki da suna ko kalmar sirri. Da an cike, na'urar otal takan riƙe lambar MAC (lambar shaidar na'ura) ta abin da ya shiga, ta buɗe masa hanya shi kaɗai. Shi kuwa akwatin ba shi da burauza ba shi da allo, waɗannan biyun ma ko Wi-Fi babu a jikinsu. Don haka dole wani ya shiga a madadinsa.

Fara da hanya mafi sauƙi. Juya akwatin, za ka ga takarda manne a ƙasansa ɗauke da lambar MAC mai haruffa da lambobi 12. Ɗauki hotonta ka sauka resafshan ka nemi mai kula da intanet ya saka ta cikin waɗanda ba a tambaya. Idan ɗakinka na da ramin kebul a bango, shi ke nan. Sai dai a lokacin Hajji ko goman ƙarshe na Ramadan samun wannan ma'aikacin sai an yi haƙuri.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne ƙaramar rautar tafiya, wato na'urar rarraba intanet, irin ta GL.iNet ko TP-Link, wadda ba ta wuce sabulun wanka girma ba. Ka saye ta tun daga gida ka gwada ta. Kan soket ba matsala ba ne, Saudiyya ma mai baki uku ake amfani da shi kamar Najeriya.

Kunna rautar, ka haɗa wayarka ta hannu da Wi-Fi ɗinta. Buɗe burauza ka shiga shafin saitinta, a GL.iNet adireshin 192.168.8.1 ne. Zaɓi Repeater, ka nemo sunan Wi-Fi na otal ka haɗa. Yanzu, wayarka na kan rautar, buɗe neverssl.com, shafin otal zai fito. Cike shi. Otal zai riƙe lambar rautar, duk abin da ke bayanta kuma ya samu hanya.

A nan ne mutane suka fi maƙalewa, shafin ya ƙi fitowa. Kashe datar layinka tukuna, don wayar takan zame ta koma can ba ka sani ba. Kashe VPN idan a kunne yake. Sannan a saitin rautar ka kashe DNS Rebinding Protection, saboda shi ne yake tare shafin otal yana ɗaukarsa abin zargi. Idan duk da haka ya ƙi, shiga Wi-Fi na otal kai tsaye da wayarka, ka cike shafin, ka kwafi lambar MAC da wayar ta yi amfani da ita, ka sa wa rautar ta hanyar MAC Clone, sannan ka cire wayar daga Wi-Fi na otal don kada su yi karo.

Sai ka ja kebul daga ramin LAN na rautar zuwa akwatin, ka soka wayar tebur. A Grandstream, danna *** a wayar tebur sannan 02, murya za ta karanto maka adireshin IP da ya samu. In rautarka GL.iNet ce ka ji wani abu mai farawa da 192.168.8, ya hau.

Yana yiwuwa intanet ya kama amma kira ya ƙi, ko ka riƙa jin mutum shi ba ya jin ka. Kunna NAT Keep Alive da STUN a saitin akwatin, ka kuma tambayi kamfanin layinka ko yana karɓar TLS, wato haɗi mai ɓoye bayanai, a tashar 5061 maimakon 5060. A Satumban 2017 Saudiyya ta ɗage takunkumin kira ta manhajoji irin su Skype, amma wannan bai hana otal toshe abin da ya ga dama a intanet ɗinsa ba. In an toshe, kada ka yi ta kokawa. Sayi layin STC, Mobily ko Zain ka ba rautar data daga can.

Otal da yawa sukan yanke shiga bayan awa 24, don haka kowace safiya ka ɗaga wayar ka gwada, in ta mutu ka sake cike shafin. Kuma ka gaya wa 'yan tawagarka cewa wannan wayar ba ta kiran gaggawa ba ce. Idan wani alhaji ya faɗi rashin lafiya a Makka, a kira 911 da wayar hannu ko wayar ɗakin otal.