Ga 'yan Sakkwato masu zuwa karatu Birmingham: maganar ciki

Duk watan Satumba abu guda ake gani. Yaro ya taso daga Sakkwato, Hajiya ta cika masa jaka da kilishi da dambun nama da man shanu, ya sauka filin jirgi, 'yan kwastan su kwashe duka. Ƙannena, ku ji wannan tun kuna gida: dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Najeriya shigo da nama ko abin da aka yi da madara, busasshe ne ko soyayye, komai ƙanƙantarsa. Ba ruwansu da cewa guzuri ne. Wanda ya ɓoye aka kama shi yana iya shan tara ko ya tsinci kansa a kotu, kuma ɗalibin da ya shigo da biza bai kamata ya fara da wannan tabon ba. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma kilo 2. Ɗanyen attarugu da albasa kuwa sai da takardar lafiyar tsirrai, don haka a bar su.

Abin da ya cancanci gurbi a jakarka shi ne garin kuka, dakakkiyar kuɓewa, daddawa, yaji da 'yar kanwa. A daka komai, a ƙulle a leda biyu, a rubuta sunan kowanne a jiki don mai bincike. Daddawa a sa ta a roba mai murfi, in ba haka ba duk tufafinka sai sun ɗauki warinta.

Gero kada ka wahalar da kanka da ɗaukarsa, yana nan, suna kawai ya canza. Abin takaici, sai ka ga ɗalibi ya yi wata uku yana cin burodi da soyayyen dankali yana ramewa, alhali shagunan Pakistanawa da Indiyawa na Alum Rock Road da Coventry Road da Stratford Road cike suke da abincinmu. Garin gero sunansa bajra. Dawa jowar. Tsamiya imli, kuɓewa bhindi. Ka riƙe waɗannan huɗun, kunu da tuwo sun samu. Basakkwace ba ya rabuwa da hura: kwaɓa garin bajra da citta da kanumfari da barkono, ka dunƙula, ka jefa a tafasasshen ruwa kamar minti 20 zuwa 30, ka markaɗa a bilenda tun da zafinsa. Madadin nono shi ne yogot marar sukari, wanda aka rubuta wa natural. Tuwon shinkafa kuma nemi pudding rice, ita ce mai danƙo. Basmati ba ta tuƙuwa, warwatsewa take.

Nama shi ne inda ake buƙatar natsuwa. Ba kowane allo mai rubutun halal ne ya wadatar ba, duba takardar shaida a bango. Sanannun ƙungiyoyin da ke ba da ita biyu ne, HMC (Halal Monitoring Committee) da HFA (Halal Food Authority), kuma HMC ba ta yarda a sumar da dabba kafin yanka ba. Tambayi mahauci kai tsaye, ba rashin kunya ba ne. In kaza kake so ta miya, ce masa hard chicken, don ta gama-gari kafin miya ta nuna ta ruguje. 'Yan'uwanmu da suka daɗe a nan, Allah Ya saka musu, haɗa kuɗi suke mutum uku ko huɗu su sayi rago guda, mahauci ya sassara, kowa ya ƙulla nasa ƙulli-ƙulli na girki ɗaya ya sa a firiza. Nemi su tun makon farko. Alawa da wasu yogot da kayan zaƙi sukan ƙunshi gelatine, wani sinadarin danƙo da ake yi daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa na alade. Alamar vegetarian, wato abincin waɗanda ba sa cin nama, tana kawar da wannan, amma ba ta kawar da giya ba, sai ka karanta jerin sinadaran da kanka.

Sauran cefane ba wuya. Kantunan Aldi da Lidl sun fi sauƙi. Tafi da jakarka, don leda sai ka biya. Ranar Lahadi manyan kantuna awa shida kawai suke buɗewa. Da yamma ana manna takardar ragin kuɗi a kan abin da kwanansa ya kusa: rubutun use by a jikin kaya na nufin kada a ci bayan ranar, best before kuwa ɗanɗano ne kawai ke raguwa. Ruwan famfon kicin ana sha.

A madafa, kada ka bar manja ya yi hayaƙi kamar yadda ake yi a gida. Na'urar gobara za ta tashi, a fitar da dukan mazauna bene waje cikin sanyi. Kunna fankar hayaƙi, rufe ƙofar kicin, kuma kada ka taɓa toshe na'urar da leda. Ragowar mai a zuba a kwalba a jefa shara, in ya bi bututu daskarewa yake, mai gida ya cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyar da ka bayar lokacin kama haya. Shinkafar da ta rage a sa ta firiji cikin awa guda, a cinye ta kafin kwana guda ya cika, kuma sau ɗaya tak ake ɗumama ta.