Yadda Ake Ziyartar Tafkunan Plitvice a Ƙasar Kuroshiya

Gandun dajin Plitvice yana yankin tsaunuka na tsakiyar ƙasar Kuroshiya, kimanin kilomita 130 daga Zagreb, babban birnin ƙasar. An keɓe shi a matsayin gandun daji na ƙasa a shekarar 1949, sannan hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gado na duniya a 1979. Abin da ke jawo mutane can shi ne tafkuna 16 da ke jere kamar matakala, 12 a sama, 4 a ƙasa, kowanne yana zuba ruwansa cikin na ƙarƙashinsa har ruwan ya fita ya zama kogin Korana.

Shiri yana farawa tun daga gida. Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma ta koma amfani da kuɗin yuro a ranar 1 ga Janairun 2023, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar bizar Shengen zai nema. Tikitin shiga gandun kuwa ya fi kyau a saye shi ta intanet kwanaki kafin tafiya, domin ana rubuta ranar shiga da sa'a da ƙofa a jikinsa, kuma a watannin Yuli da Agusta yakan ƙare da wuri. Ni dai na fi ba da shawarar watan Mayu ko farkon Yuni, lokacin da ruwa ya cika bayan narkewar ƙanƙara, ko kuma Oktoba da ganyaye ke rikiɗa su yi ja da rawaya. Motar safa daga Zagreb takan ɗauki sa'o'i biyu da ɗoriya, amma wanda ya kwana a wani ƙauye kusa da gandun ya shiga da sassafe ya fi morewa, tunda zai riga ayarin baƙi da ke cika hanyoyin da hantsi.

Gandun yana da manyan ƙofofi biyu, kuma zaɓin ƙofa shi ne abin da matafiya da yawa ba sa ba muhimmanci. Wanda ya shiga ta ƙofa ta farko zai fara da tafkunan ƙasa, ya sauka cikin kwazazzabo har gaban Veliki Slap, magangarar ruwa mai tsayin mita 78 wadda babu kamarta a tsawo a duk ƙasar. Daga nan tafiyarsa hawa ce a hankali, ruwa yana zubowa yana fuskantarsa, maimakon ya riƙa waiwaye yana kallon abin da ya riga ya wuce. Hanyoyin an yi musu alama da haruffa, kuma hanyar C ita ce ta dace da mai yini guda: kimanin kilomita 8 a ƙafa, cikin sa'o'i 4 zuwa 6, har da tsallake tafkin Kozjak, mafi girma a cikinsu, a jirgin ruwa mai aiki da lantarki, da kuma dawowa a motar gandun. Kuɗin jirgin da na motar duk suna cikin tikiti. Hanyar K ta kusan kilomita 18 ta masu ƙarfin ƙafa ce.

Abin da ya kamata matafiyi ya fahimta sosai shi ne abin da ke riƙe da waɗannan tafkuna. Ruwan yana ratsa duwatsun farar ƙasa ya kwaso sinadarin alli, idan ya zo inda yake fantsama sai allin ya daskare a jikin gansakuka da ƙananan tsirrai, kamar farin dattin da ke taruwa a gindin butar shayi. Wannan daskararren alli ne ya gina shingayen da suka raba tafki da tafki cikin dubban shekaru, kuma har yau suna ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Ƙafa ɗaya da ta taka gefen shinge don neman hoto tana iya murƙushe abin da ya ɗauki shekaru yana ginuwa. Saboda haka aka hana wanka da iyo, aka hana ba kifi abinci, aka kuma shimfiɗa gadojin katako a bisa ruwan. Kada a sauka daga kansu ko da taku ɗaya. Gadojin ƙunci ne da su, a wurare da dama babu abin dafawa, kuma katakon yakan yi santsi, don haka mai tafiya da yara ya riƙe hannunsu, ya kuma sa takalmi mai kama ƙasa, ya bar silifa a masauki.

A ɗauki rigar ruwa da ta sanyi ko da rana ta fito, domin yanayin tsaunuka yana saurin juyawa. Game da abinci, naman alade ya yawaita a girkin yankin, saboda haka Musulmi ya tambaya kafin ya saya, ko ya tsaya ga gasasshen kifi da dankali, ko ya zo da guzurinsa ya ci a wurin hutawa da ke bakin Kozjak, inda akwai tebura da banɗaki. Kafin a shiga a duba lokacin tashin jirgi da mota na ƙarshe, domin yana canzawa daga wata zuwa wata, kuma da hunturu akan rufe tafkunan sama gaba ɗaya.