Shawara ga matasanmu masu neman aikin jirgin ruwa a Legas

'Yan'uwa, duk matashin da ke son aikin jirgin ruwa ya fara da horon kare kai na STCW (ƙa'idar duniya ta horar da ma'aikatan jirgin ruwa), inda ake koyar da kashe gobara, taimakon gaggawa da yadda ake tsira idan jirgi ya nutse, sannan ya nemi littafin ma'aikacin jirgi daga NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya. Mai burin zama hafsa ko injiniya kuwa ya nemi gurbi a Kwalejin Sufurin Ruwa da ke Oron, jihar Akwa Ibom.

Ina roƙon shugabannin Hausawa na Apapa su riƙa duba takardun dillalan da ke karɓar kuɗin yaranmu da alƙawarin aiki, domin dokar ƙasa da ƙasa ta 2006 kan haƙƙin ma'aikatan jirgin ruwa ta hana cajin ma'aikacin jirgi kuɗin samar masa aiki.